Akwatin Muzurun Inna Delu

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna latse-latsen waya, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ran nan. Wai akwatin dabba ai katako ne da ƙofa, duk wanda ya samu guduma zai haɗa shi kafin la'asar. To, madalla. Ni Garba Mai Keji gemuna ya yi fari ne a cikin garin katako a nan Birnin Gwari, kuma har gobe idan aka kawo mini aikin akwatin da zai hau jirgin sama, sai na zauna na nutsu kafin in taɓa zarto. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Aikin farko da aka bar mini in yi ni kaɗai na ma'aikatan gandun dajin Kamuku ne. Sun tsinci wata barewa da tarko ya ji wa ciwo, suna so su kai ta Kaduna wajen likita. Maigidana a lokacin Baba Ayuba ne, mutumin Gbagyi, gajere, mai faɗan tsiya, amma hannunsa a kan katako sai ka rantse da shi aka haife shi. Na haɗa akwatin, na goge shi har yana sheƙi, na ja gefe ina jiran yabo. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya buɗe ƙofar, ya ce, "Shiga."

Na ce, "Baba, ni?"

Ya ce, "A'a, ni. Shiga mana, ɗan nema!"

Ashe haka yake yi wa duk wanda ya koya a hannunsa. Na duƙunƙune na shiga, ya sa sakata, aka ɗora ni a amalanke aka zagaya da ni kasuwa, kuma ranar kasuwar tana ci. A ciki na gane abin da baki ba zai koya mini ba. Ƙasan akwatin da na goge yana santsi, duk ramin da aka faɗa sai in zame in bugi bango. Ƙofar tana kaɗawa tana ƙara a kunnena. Hujin iskar da na yi duk a sama suke, zufa ta jiƙa ni sharkaf. Wani ɗan tsinin ƙusa da ido bai gani ba ya same ni a cinya. Da aka buɗe na fito, sai Baba Ayuba ya miƙo mini guduma. Tun daga ranar, kafin in duba kyan akwati daga waje, sai na tambayi kaina yadda na ciki zai ji.

Kayan aikin ba su da yawa. Zarto mai ƙananan haƙora, don kada bakin katako ya yi gashi. Tef na awo, sukundireba, samfefar goge katako mai kaushi da mai laushi, almakashin yanka ragar waya. Sai babban kayan aikin, wanda ba a sayarwa a kasuwa, wato bayan hannunka. Tafin hannun kafinta ya mutu da kanta, ba ya jin komai. Bayan hannu kuwa yana jin sartse tun yana ƙarami. Da shi nake shafa kowane lungu na cikin akwati, idona a rufe, kafin in yarda na gama.

Na yi wa masu tantabaru keji, na yi wa matan aure akurki da ɗakin zomaye. Na yi wa maharba akwatin ɗaukar karnuka a bayan babur, su da ba sa biyan mutum sai da ƙafar gada. Na yi wa wani Bafulatani akwatin ɗan maraƙin da uwarsa ta mutu, ya tsaya a kaina tun daga yankan farko har ƙusar ƙarshe, yana ce mini ɗan nan ba ya son duhu. Duk wannan aikin ƙasa ne. Idan dabba ta galabaita a hanya, a tsaya a gefen titi, a buɗe, a ba ta ruwa.

Akwatin jirgi na farko wata baturiya ce ta sa ni. Ta zo nazarin tsuntsaye a Kamuku, ta tsinci ɗan kwikwiyo a bakin rafi, ya girma a hannunta, da za ta koma ƙasarsu ta ce ba ta barin shi. Na nuna mata katakon maɗacin da na ɓoye wa aiki na musamman, ja wur, ina washe baki. Ta girgiza kai. Wai katakon daji ba ya ƙetare ƙasa haka nan, saboda ƙwarin da ke ɓuya a cikinsa, sai filawud, wato katakon kamfani da ake mannawa falle-falle. Ni da aka haifa a bakin dajin da ake zuwa daga Kano neman katakonsa, wai in yi aiki da filawud! Abin ya yi mini ciwo, amma na haɗiye. A wajenta na ji sauran ƙa'idojin. Dole dabba ta iya miƙewa tsaye ba tare da kunnenta ya taɓa rufi ba, ta juya, ta kwanta ta miƙe ƙafa. Iska ta shiga ta kowane gefe, amma hujin kada ya isa fitar da hanci ko dagi. Ƙasa kada ta yi yoyo. Kofin ruwa a ɗaure yake a jikin ƙofa yadda za a zuba daga waje. Ba kwaɗo, don idan wani abu ya taso ba wanda zai tsaya neman makulli. A sama ba gefen titin da za a tsaya, duk abin da ka manta, dabbar ce za ta ɗanɗana shi har a sauka.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda kun san su, ba sai na faɗa muku ba. 'Yan bindiga suka mamaye daji, ya gagari masu shi. Masu yankan katako suka daina shiga, gandun ya zama ba mai leƙawa, hanyar Kaduna sai da rakiya. Wa yake ta tantabara alhali ƙauyuka suna kwararowa cikin gari da tabarmi a ka? Akwai shekarar da makarar da na gyara wa masallatai ta fi kejin da na haɗa yawa. Abokan sana'ata da dama suka koma acaɓa. Ni dai na riƙe zartona, ina gyaran kujerun makaranta da ƙyauren da aka ɓalle, ina shafa wa kayan aikina mai don kada su yi tsatsa.

A cikin mutanen da suka shigo gari a lokacin akwai Inna Delu, daga wani ƙauye ta wajen Kusasu. Mijinta ya rasu kafin a tashi ƙauyen, 'ya'ya duk sun watse neman abinci. Ranar da aka gudu, mata suna ɗaukar tukwane da buhun hatsi, ita kuwa ta cusa muzurun gidan a kwando ta ɗora a ka. Sunansa Kurma. Ba kurman ba ne, raini ne kawai, idan ka kira shi sai ya kalli wani wajen. Ƙato ne, toka-toka, kunnensa ɗaya a yage, kuma kajin unguwarmu sun san shi farin sani.

Ɗanta Sanusi ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a ƙasar Larabawa. Da ciwon zuciya ya kama Inna, ƙafafunta suka kumbura, likitocin Kaduna suka ce sai an yi mata aiki, kuma kada a daɗe ana jira. Sanusi ya shirya komai don ta koma wajensa da zama, a yi aikin a can. Inna ta ce ta ji, amma ƙafarta ƙafar Kurma. Aka yi lallashi, aka turo limamin unguwa, aka turo ƙawayenta. Ta ce, "Mu biyu muka fito daga gidan nan da rai. Ba zan tafi in bar shi yana bin bola ba. In ba za a tafi da shi ba, a bar ni in mutu a nan, ai ƙasa duk ta Allah ce."

Shi ne Sanusi ya kira ni. Ya ce, "Baba Garba, an ce kai ka taɓa yin irin wannan aikin. Allura da takardu na haɗa da wani likitan dabbobi a Kaduna. Jirgin da za su hau ba ya barin dabba a wajen fasinja, sai a ɗakin kaya. Akwatin nake roƙo, kuma ka san halin muzurun nan. In bai shiga ba, Inna ba za ta taho ba."

Na ce, "Sanusi, ka kwantar da hankalinka. Zai shiga."

Na faɗa ne kawai, ban san ta inda zan fara ba.

Awo ma sai da aka yi dabara. Da na nufo shi da tef, ya yi mini wani gurnani, ya haye katanga. Sai na ba Inna zare, na ce idan ya yi barci ta auna daga hanci zuwa gindin wutsiya ta ƙulla, idan yana tsaye yana cin abinci ta auna daga ƙasa zuwa tsinin kunnen mai lafiya ta ƙulla. Da zaren nan mai ƙulli na yanka filawud. Ban buga ƙusa ko ɗaya ba, da noti na ɗaure komai, kawunansu a waje. Ragar ƙofa na naɗe bakinta cikin katako. Ban shafa fenti ba, ban sa gam mai wari ba. Na yi masa maɗauki hagu da dama masu kauri, yadda ko an matsa shi da wasu kaya, iska za ta samu hanya.

Masu ba da shawara kuwa ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce a ɗaure masa ƙafafu kamar kazar da za a kai kasuwa. Wancan ya ce a jefa masa ƙwayar barci a cikin kifi, ya farka a ƙasar Larabawa. Likitan dabbobi ya riga ya gargaɗe mu cewa dabbar da aka bugar da magani tana iya mutuwa a sama, kuma in ma'aikatan jirgi suka gan ta a sheme ba za su karɓa ba. Hanya ɗaya ce, muzuru ya ɗauki akwatin a matsayin ɗakinsa.

A nan ne rabin sana'ar yake, rabin da ba a gani a bencin ƙofar shago. Na kai akwatin ɗakin Inna ba ƙofa, na ajiye a lungun da yake kwana. Na shimfiɗa tsohon zanenta a ciki, wanda ya sha jiki. Na ce kada kowa ya tura shi, kada a kalle shi ma. Abincinsa a bakin akwati, gobe a ɗan matsa ciki, jibi a ƙara matsawa. Makonni muka yi a haka. Da ya fara kwana a ciki na ɗaura ƙofar, ana rufewa ana buɗewa. Daga nan muka fara ɗaga shi muna zagaya tsakar gida. Daga baya na ɗauki hayar keke mai ƙafa uku muna zagaya gari da shi, ta gaban tasha, ta wajen masu niƙa, don ya saba da ƙara. Mutane suna nuna ni suna dariya, wai Garba ya zama direban muzuru. Ban kula su ba. Kurma dai yana kwance a ciki yana lasar hannu.

Saura 'yan kwanaki a tashi, Hajara ta iso daga Zariya. Ita ce 'yar Inna ta fari, ita za ta raka ta. Mace mai tsafta da son fita kunya, irin wadda ko tsintsiyarta a wanke take. Ta wanke kayan Inna, ta goge, ta turara su, kamar yadda kowace 'yar kirki take yi wa uwarta idan za ta yi tafiya. Sai idonta ya faɗa kan akwatin. Ta fitar da zanen ta wanke shi tas da sabulu. Ta sa kasko da garwashi a cikin akwatin, ta zuba turaren wuta mai kyau, ta lulluɓe da bargo don ya kama sosai. Da ta gama ta yayyafa humra.

Kurma ya dawo daga yawonsa, ya kai hanci bakin ƙofa, ya yi atishawa, ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan zafi. Kafin a ce wani abu yana kan rufin makwabta.

Da aka kira ni na zo, tun daga zaure na ji ƙamshin, na san an gama da ni. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Hajara, wa ya aike ki? Amarya za a kai ko muzuru?"

Ta ce, "Haba Kawu! Yanzu sai mu sauka a ƙasar mutane da akwati yana warin muzuru? A ce daga ina muka fito? Ai sai a raina Sanusi a wajen aikinsa."

Ina laifinta? Uwata ma da tana raye abin da za ta yi ke nan. A wajenmu ƙamshi mutunci ne. A wajen muzuru kuwa, warin nan da ta kore shi ne shaidar cewa ɗakin nasa ne, yanzu an mayar masa da shi gidan wani.

Inna tana zaune a bakin gado tana numfashi da ƙyar. Ta ce, "Shi ke nan. A kira Sanusi a ce masa na fasa."

Hajara ta fashe da kuka. Takardar likitan dabbobi kwanakinta ƙalilan ne, tikiti an riga an yanka, asibiti sun ba da rana. Babu sauran makonnin da za a sake lallashi daga farko.

Filawud yana shan wari yadda tuwo yake shan miya, wanki ba ya fitar da shi. Amfanin noti ke nan. Na kwance akwatin a tsakar gidan, na canja ƙasa da rufi da bangon baya da ragowar filawud ɗin da na yanka, sauran na ci su da samfefa har hannuna ya yi ja, na shanya a rana. Washegari na mayar da shi yadda yake. Ƙamshin ya tafi, amma yanzu warin shagona yake yi. Na sa kifi banda a ciki, Kurma ya leƙo daga kan rufi, ya kalle ni, ya kalli wani wajen.

Inna ce ta ce, "Garba, jawo mini shi nan."

Na jawo shi gaban kujerarta. Ta cire takalmi, ta zura kumburarrun ƙafafunta cikin akwatin har ƙauri, da safarta ta ulu da ba ta rabuwa da ita. Ta ce a miƙo mata tiren gyaɗa. Ta ce, "Tun yana ɗan mitsitsi a kan ƙafata yake barci. In yana so, ya san inda take."

Haka ta wuni, haka ta sake wuni, ba ta tashi sai salla. Masu zuwa sallama suna shigowa su tarar da tsohuwa da ƙafa a cikin akwati tana ɓarar gyaɗa, su rasa ko su yi dariya ko su yi kuka. Hajara ta hana kowa kunna ko turaren sauro a gidan, ita da kanta take tsare ƙofa. Ana gobe tafiya da la'asar, sai ga shi ya sauko ta kan katanga. Ya zagaya tsakar gida kamar bai san da mu ba. Ya shinshina bakin akwatin ya daɗe. Sannan ya bi ta gefen ƙaurinta ya matsa ya shige, ya kwanta a kan ƙafafun. Inna ta bari sai da ya yi nisa a barci, ta zare ƙafa a hankali ta bar masa safar.

Na raka su har filin jirgin Abuja, don ban yarda wani ya ɗauki akwatin nan a karkace ba. A wajen karɓar manyan kaya wani ma'aikaci ya duba takardu, ya zagaya akwatin, ya girgiza ƙofar, ya gwada kofin ruwa, ya gyaɗa kai. Har na fara sakin numfashi, sai ya ce, "Mama, a fito da shi. Akwatin zai bi ta na'ura shi kaɗai."

Wannan kam ba wanda ya gaya mana. Wuri ne fetal, ƙasa tana santsi, lasifika tana ta ihu, mutane suna gungura jakunkuna ta ko'ina. Inna ta fito da shi ta rungume cikin mayafi. Ina ganin faratansa sun shige damtsenta, amma ba ta sake shi ba. Akwatin ya shiga na'ura, ya ɓace, ya fito ta ɗaya gefen. Ina sauke shi ƙasa ina buɗe ƙofa, wani yaro ya saki keken kaya ya bugi ƙarfe. Kurma ya fizge, ya dira a ƙasa.

Na ce, "Kada kowa ya motsa! Don Allah kada a bi shi!"

Ya lafe da ciki a ƙasa, kunnuwa a kwance, wutsiya ta kumbura. Ga babbar ƙofar fita a buɗe, ga ƙarƙashin kujeru, ga lunguna ba iyaka. In ya shiga ɗaya daga ciki, sai dai jirgi ya tashi ba Inna. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Sai ya ja ciki da gudu, ya wuce ta tsakanin ƙafafun ma'aikacin, ya faɗa cikin akwatin, ya juya, ya kwanta a kan safar. Na tura sakata. Na yi ƙofofin masallaci, na yi gadajen da aka haifi wasunku a kai, amma ban taɓa jin alfahari da aikin hannuna kamar na wannan lokacin ba. Duk faɗin wurin nan, inda ya ga ya fi masa aminci shi ne abin da na haɗa.

Aka manna wa akwatin takarda, wasu ma'aikata biyu suka ɗauke shi ta maɗaukan, suka nufi wata ƙofa. Sai ga wata ma'aikaciya ta turo keken marasa lafiya, ta ce, "Mama, bismilla, zauna in tura ki."

Inna ta goge jinin damtsenta da bakin mayafi, ta gyara ɗaurin zane. Ta ce, "A'a 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Shi ma da ƙafarsa ya shiga." Ta juyo ta dube ni. "Garba, ka gaida mutanen gida. Ka ce na tafi."

Ta kama hannun Hajara, tana tafiya tana tsayawa tana hutawa, ma'aikaciyar tana biye da su da keken ba kowa a kai. Ina tsaye da hulata a hannu har suka shige, ba ta zauna ba.